Bashin Rai Ba a Biyansa da Addini

Kasuwar Kilomita Biyar,
Bangui.

Zuwa ga ɗana,

 Ina fata kana lafiya, kai da Innarka da ƙannenka da duk mutanenmu na Garwa-Bulai. Yaya kasuwa, yaya ɗawainiyar gida? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ɗinki ya ɗan motsa, ƙafar nan tawa kuwa tana nan da halinta, in ta ga dama ta bar ni in taka keke, in ba ta ga dama ba yara su taka.

Bayan gaisuwa, takardarka ta iso ni ta hannun direban da ya kawo kayan Duwala. Ka ce ba ka son mu yi maganar ta waya domin kunnuwa sun yi yawa a gida. Ka yi tunani, magana irin wannan zama take so. Tambaya biyu ka yi mini: yaya mutum yake zama Kirista, kuma mene ne ceton nan da muke yawan ambata. Amma na hango ta uku a ƙarƙashinsu, wadda ba ka fito da ita fili ba. Kana jin akwai bashi a wuyanka tun Boali. Da ita zan fara, domin in ba a kawar da ita ba, duk amsar da na ba ka a karkace za ka ji ta.

Kana ɗan yaro a Janairun 2014, lokacin da 'yan tawayen Seleka suka janye daga Boali, 'yan anti-balaka suka cika gari da adduna. Fada Xavier Fagba ya fita yana tattara Musulmi, ya zuba ku cikin majami'ar Waliyyi Bitrus, mutum wajen 650, ya tsaya a kanku duk da barazanar da ake masa. Ka ce har yau kana tuna sanyin siminti da ƙamshin kyandir, da yadda kuke naɗe tabarmi ranar Lahadi don masu sujada su sami wuri. Ba shi kaɗai ya yi haka ba. A Bossemptélé akwai Fada Bernard Kinvi, mutumin Togo, wanda ya ɓoye ɗaruruwan Musulmi a asibitin mishan. A Carnot ma harabar coci aka fake. A Bangassou, cikin Mayun 2017, Bishop Juan José Aguirre ya buɗe makarantar horar da limaman coci ga mutum wajen 2,000. To, ka tambayi Innarka: duk zaman da kuka yi, an taɓa ce mata sai ta karɓi baftisma kafin a ba ta abinci? Ni ta gaya mini da bakinta, ba wanda ya hana ta alwala, ba wanda ya taɓa mata hijabi.

Yanzu ka ji nawa labarin, wanda marigayi babanka bai taɓa yarda a yi shi a gabansa ba. Ranar 5 ga Disamba 2013, da 'yan anti-balaka suka auka wa Bangui, ni na rasa tudun dafawa. Bahaushen Wusasa ne ni, da riga da hula, bakina Hausa. A shingen waɗancan ba a tambayar abin da mutum ya gaskata; riga ake dubawa da suna da goshi. A cikin unguwa kuma akwai samarin da aka kashe wa 'yan'uwa, idonsu ya rufe, sun kuma san inda nake zuwa ranar Lahadi. Babanka Alhaji ya ja hannuna ya kai ni ɗakin ajiyarsa, ya gyara mini wuri bayan dilolin atamfa, ya kulle ta waje. In la'asar ta yi sai in ji ƙarar kwado, ya shigo da buta a hannu ɗaya, kwanon tuwo a ɗaya. Ya shimfiɗa buhu tsakanin diloli ya yi sallarsa, ni ina gefe da Littafina a cinya. In ya sallame ya juyo ya ce, "Malam Tela, ci mana, kada ya huce." Har ƙura ta lafa bai taɓa ce mini in yi kalmar shahada ba. Da da addini ake biyan bashin rai, da yanzu ni ne ladanin unguwar nan.

Manyanmu ma haka suka yi. Imam Umar Kobine Layama ya yi watanni yana zaune a gidan Akbishop Dieudonné Nzapalainga, tun daga Disambar 2013. Su biyu da Fasto Nicolas Guérékoyamé-Gbangou suka riƙa zagaya ƙasa suna kashe wuta. Liman ya shiga gidan, liman ya fito, yana liman kuma Allah ya karɓi ransa a Nuwambar 2020. Saboda haka ka sauke wannan kaya. Wanda ya tsare maka rai, ka gode masa, ka yi masa addu'a, ka tsare ran wani in rana ta zo. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, amma ba da imanin mutum ake sāka shi ba.

Ƙasar nan ta nuna mana hanyoyin da ba a zama Kirista ta cikinsu. Ta farko tilas. A Yulin 2015 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto a kan Musulmin da suka rage a yammacin ƙasa, inda 'yan anti-balaka suka tilasta wa wasu barin addininsu da bakin adda, suka hana wasu salla a fili da sa tufafinsu. Abin kunya ne da zunubi, kuma babu ɗaya daga waɗannan bayin Allah da ya zama Kirista ta haka. Tsoro kawai aka cusa musu. Masu addunan kansu, da layu da guraye jibge a ƙirji, wani har da gicciye a tsakiya, shugabannin coci sun faɗa sun maimaita cewa ba rundunar Almasihu ba ce. Ta biyu kwaɗayi. Tsofaffin kasuwa suna tuna 1976, da Gaddafi ya zo Bangui, shugaban ƙasa Bokassa ya musulunta ya zama Salahuddin Ahmed yana hangen kuɗin Libiya. Watanni kaɗan ya koma inda ya fito, ranar 4 ga Disamba 1977 kuma ya naɗa kansa sarkin sarakuna, aka wuce babban cocin Katolika aka yi sujada. Masallaci bai ƙaru da shigarsa ba, coci bai ƙaru da komowarsa ba. Ta uku suna. Mun san yaran da suka mai da Yusufu Joseph, Ibrahim Abraham, don su wuce shinge ko su sami takardar zama ɗan ƙasa. Ban ga laifinsu ba, rai suke gudu da shi, amma suna bai taɓa sauya zuciyar kowa ba.

Babanka in zai sayi atamfa, yakan jiƙa bakin yadin ya murza a farin ƙyalle. In launi ya fito, sai ya ture dilar gefe ya ce wannan wanki ɗaya za ta yi. Addinin tsoro da na kwaɗayi da na jin nauyin wani, duk irin wannan atamfar ce.

Ta huɗu ita ce gado, wannan kuwa ni ta shafa. An haife ni a Wusasa, inda mishan ɗin Likita Miller ya koma a 1929 bayan ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905. Na tashi na tarar da Littafi Mai Tsarki cikin Hausa, wanda aka kammala tun 1932, na tarar da tsofaffi masu ba da labarin Isawa, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano saboda abin da yake koyarwa game da Annabi Isa. Duk wannan tarihi ne mai daraja, amma bangaskiyar kaka ba ta isar jika. Sai da na girma na amsa da bakina.

To, me ake amsawa? Zan faɗa maka ba ƙari ba ragi. Musulmi da Kirista sun haɗu a kan cewa Maryamu ta haifi Yesu ba tare da namiji ba, ya warkar da makafi da kutare, ya ta da matattu, shi ne Almasihu, kuma zai dawo. Daga nan hanya ta rabu, duk wanda ya ce maka ba ta rabu ba kuwa daɗin baki yake yi maka. Mu mun gaskata an gicciye shi a Urushalima zamanin gwamnan Romawa Bilatus, ya mutu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku. Kai an karantar da kai cewa ba a gicciye shi ba. Muna kiransa Ɗan Allah. Ba muna nufin Allah ya yi aure ya haihu ba ne, Allah ya kiyashe mu da wannan magana. Muna nufin daga zatin Allah yake tun fil'azal, ya zo cikin jikin mutum. Muna cewa Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Na san nauyin wannan a kunnen Musulmi, na san sunan da malamanku suke ba shi. A nan maganar take, ba a kan kirkin wani fada ba.

Me ya sa sai da gicciye? A fahimtarmu, zunubi ya wuce laifuffukan da ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Karkata ce a cikin zuciyar ɗan Adam, wadda ba ya iya miƙe ta da ƙarfinsa. Mu da muka ga maƙwabci ya ɓamɓare kwanon rufin gidan maƙwabcin da suka ci abinci akushi ɗaya, ba mu bukatar dogon wa'azi a kan wannan. Allah mai adalci ne, ba ya kau da kai daga mugunta. Mai jinƙai ne kuma, ba ya murna da hallakar bawansa. Mun gaskata a kan gicciye adalcin da jinƙan suka haɗu: Yesu, wanda ba shi da laifi, ya ɗauki hukuncin masu laifi, tashinsa kuma ya nuna mutuwa ba ta da ta cewa a ƙarshe. Ceto shi ne a gafarta maka, a sulhunta ka da Mahaliccinka, a ba ka Ruhunsa ya fara gyaran nan daga ciki, ka kuma sami rai madawwami. Kyauta ce, alherin Allah ne, ba ladan aiki ba. A Bisharar Luka akwai ɗan fashin da aka gicciye kusa da Yesu. Ba shi da sauran lokacin azumi ko sadaka, ko ruwan baftisma bai samu ba. Ya amsa laifinsa, ya roƙi Yesu, aka karɓe shi a wannan rana.

Abin da yake wuyan mutum biyu ne: tuba da bangaskiya. Tuba ba hawaye ba ce. Bari in nuna maka irinta. An kwashe kayan gidana lokacin rikici, domin masu kwasar sun ɗauka gidan Musulmi ne. Bayan shekaru, wata safiya ina yanka yadi, sai ga wani saurayi a bakin shago da buhu a kafaɗa, gumi na zuba, idonsa a ƙasa. Ya sauke ya kwance, sai ga kan keken ɗinkina, har da ɗan tsumman da nake ɗaurewa a wuyansa don soka allura. Ya ce da harshen Sango yana ajin baftisma, malaminsu ya ce wanda yake da kayan wani a ɗakinsa kada ya matso kusa da ruwa. Ya san yana iya shan duka a unguwar nan, ya zo duk da haka. Bangaskiya kuwa ba sanin labarin Yesu ba ce, kowa yana iya haddace labari. Ita ce mutum ya daina dogara da kirkinsa, ya jingina ransa gaba ɗaya ga abin da Yesu ya yi, ya yarda shi ne Ubangijinsa. Ba ta bukatar kuɗi, ba ta bukatar wasu kalmomi na musamman; mutum yana iya faɗa wa Allah da Hausar da yake ciniki da ita.

Bayan haka sai baftisma, wato shaida a fili. A nan Bangui za ka ga hanya biyu, domin masu bishara iri biyu suka zo ƙasar: limaman Katolika daga Faransa da suka kafa mishan ɗin Waliyyi Bulus a bakin kogin Ubangi a 1894, da Furotestan daga Amurka da suka biyo baya wajen 1920. Wurin 'yan Katolika babban mutum yakan yi shekara biyu ko uku yana karatu a hannun katikis, da wani mai bi da zai tsaya masa ya shaidi halinsa. Galibi a daren Ista ake yi: a hura wuta a waje, a kunna kyandir, a tambaye shi a gaban jama'a ko ya rabu da Shaiɗan, ko ya ba da gaskiya, a zuba masa ruwa a ka cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, a sa masa farin tufa, ya karɓi Jibin Ubangiji. Wurin 'yan Baftis da makamantansu, inda nake sujada, mutum yakan yi watanni a aji, ya tsaya gaban dattawan ikilisiya ya ba da shaidarsa, su yi masa tambayoyi, sa'an nan a nutsar da shi cikin ruwa ɗungum. An daɗe ana jayayya tsakanin ɓangarorin biyu, tun zamanin Martin Luther a 1517, a kan matsayin ayyuka. Furotestan suna jaddada bangaskiya kaɗai, Katolika suna jaddada bangaskiyar da ke aiki cikin ƙauna tare da ibadun coci. A 1999, a Augsburg ta Jamus, Katolika da Lutheran suka sa hannu a kan cewa ta alherin Allah ake samun ceto, ayyukan kirki kuma 'ya'yansa ne. Abin lura shi ne, duk cocin da ya san abin da yake yi ba ya gaggawa. In ka ga inda ake cewa zo yau a yi maka gobe, ko ana sayar da mai da ruwan albarka ana alkawarin biza da arziki, ka kama gabanka.

Kada kuma wani ya ce maka ceto sulke ne. Cocin Fatima yana nan kusa da mu. An kai masa hari ranar 28 ga Mayu 2014, aka kashe mutanen da suka fake a ciki har da limami. Aka sake ranar 1 ga Mayu 2018 ana tsakiyar sujada, Fada Albert Toungoumalé-Baba ya mutu a wurin, dattijon da aka sani da neman sulhu tsakaninmu. Bangaskiyarsa ba ta tare masa harsashi ba. A ranar kuma wasu masu amsa sunan Kirista suka huce a kan masallacin Lakouanga, Kadinal Nzapalainga kuwa ya yi roƙo kada a rama. A irin wannan rana ake gane wanda abin ya shiga zuciyarsa, domin wanda ya san an yafe masa babban bashi, hannunsa yakan yi nauyi wajen ɗaukar fansa. Ba na ce abu ne mai sauƙi ba. Akwai fuskokin da har yau in na gan su a kasuwa sai na nemi taimakon Allah kafin in amsa gaisuwarsu.

Ba zan ɓoye maka ba, ɗana: na gaskata Yesu shi ne Mai Ceto, in kuma wata rana ka gaskata da zuciyarka zan yi murna. Amma amanar Alhaji ce kai a hannuna. Ni na bi gawarsa har maƙabartar Boeing, wadda sai da aka ƙulla yarjejeniya a Fabrairun 2016 kafin Musulmin unguwar nan su sake samun hanyar kai mamatansu can. Ba zan yi farautar ɗansa da raunin da ke zuciyarsa ba. Kuma ka san abin da ke tafe da wannan hanya: hawayen Innarka, maganar gado, maganar aure, abokan ciniki da za su juya maka baya, ƙannenka da za a riƙa nunawa da baki. Wanda ya ɗauki wannan don ya ga gaskiya, Allah zai ba shi ƙarfin ɗauka. Wanda ya ɗauka don kunyar wani fada, zai wayi gari ya tsani fadan ya tsani kansa.

Ga shawarata. Ka nemi Linjila ka karanta Bisharar Luka daga farko har ƙarshe, a hankali, da Hausa ko Faransanci. Ka je wurin malamin da ka yarda da iliminsa da natsuwarsa, ka tambaye shi abin da Musulunci ya ce a kan gafara da rahamar Allah, domin bai kamata mutum ya bar gidan da bai gama sanin ɗakunansa ba. Ka roƙi Allah da ya halicce ka ya nuna maka gaskiya, ya ba ka zuciyar binta. Kada ka karɓi ko sisi daga hannun kowa a kan wannan magana. Kada ka yi wa Innarka ƙarya. In abin ya nuna, daga bakinka ya kamata ta ji, cikin ladabi, ba daga bakin 'yan gulma ba. Sauri ya haifi nawa. Ko ina ka tsaya a ƙarshe, kai ɗana ne, ƙofar shagon nan a buɗe take gare ka.

In kana son yin wani abu saboda Boali, ga shi kusa da kai. Garwa-Bulai cike take da waɗanda suka gudo, Musulmi da Kirista. Ka duba yaron da ba shi da kowa, ka koya masa ciniki, kada ka tambayi addininsa.

Na ba direban shadda yadi biyar da na ɗinka maka, da turmin atamfa na Innarka, da 'yan riguna na yara. In wuyan rigar ya matse ka aiko a gyara. Ka gaya wa Innarka haya ta shagon Alhaji tana nan ina tarawa, zan aiko ƙarshen wata. Matata tana gaishe ku da kyau, yaran shago ma haka. Ka rubuto mini duk abin da ya shige maka duhu a karatun, kada ka ji nauyi. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka, ya jiƙan mahaifinka.

Ni ne naka,
Baffanka Tela.